Ashe Haka Nake Magana?

Wa za a kama da laifi in gaskiya ta ji wa dattijo ciwo? Wanda ya mai da ita abin dariya, ko wanda ya ɗauko ta ya kawo har tsakar falo, ko kuwa waɗanda suka yi wata takwas suna ɓoye masa ita don suna ƙaunarsa? Ni dai ban san amsa ba. 'Yar Baba ma, wadda abin ya faɗo a kanta, ba ta sani ba.

Ranar Asabar ce bayan la'asar. Ta fito da tiren shayi ta tarar da Mai Kemis a falo, ya naɗe hannun riga yana auna wa Baba hawan jini. Abokin Yayanta ne tun suna makaranta, kuma shekara guda ke nan yana neman ta tana ba shi haƙuri. Duk sanda Yaya ya ce, "Ki bari ya turo manyansa mana," amsarta ba ta canzawa.

"Wallahi Yaya, ko shi kaɗai ya rage."

Wanda take so kowa ya san shi, ko da bai san fuskarsa ba. Mai fassarar finafinai ne, Aku ake ce masa, don shi kaɗai yake yin muryar jarumi da ta jaruma da ta tsohuwa da ta kare in an bar shi. A shagon littattafan da take aiki suka haɗu. Wata huɗu da suka wuce ya zo gaida Baba, Baba ya dube shi sama da ƙasa ya ce ba zai ba da 'yarsa ga mutumin da yake cin abinci da bakin wasu ba. A gaban Yaya da Mai Kemis ya faɗa. Aku ya tashi ya fita, ko takalminsa bai tsaya sawa daidai ba.

Tun daga ranar take lallashi. Da kuka, da shiru, da matsa wa Baba ƙafa, har Allah ya sa dattijon ya sauko ya ce yaron ya dawo ranar Lahadi su sake magana. Wato gobe.

Shi Baba tsohon hedimasta ne. Shekara talatin yana tsayawa gaban ɗalibai ɗari takwas babu lasifika, kuma na can ƙarshen layi yana jin sa. Wata takwas ke nan da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ƙafa ta dawo da taimakon sanda, hannu ya ɗan dawo, harshe ne ya ƙi. In zai fara magana sai ya maƙale a kan "to" har sau uku, ya zuƙi yawu ta gefen baki, sannan kalmomin su fito suna jan ƙafa. Kullum da safe 'Yar Baba tana zama da shi yana karanta mata jarida da ƙarfi. In ya gama sai ya ɗago.

"Uwata, ya kika ji?"

"Tas, Baba. Ai ka warke."

Haka Umma take cewa, haka Yaya. Babu wanda ya kira taro aka shirya wannan ƙaryar. Kowa dai ya ga hasken da take kawowa a fuskarsa, sai ya ci gaba.

Mai Kemis ya naɗe abin awonsa, ya sa hannu a aljihu ya fito da ɗan filashi.

"Na kawo miki tsaraba. Littafin nan da kike ta damun mutane da shi, fassarar fim ɗinsa ta fito shekaranjiya. Aikin mutuminki ne ma."

Murna ta kama ta. Sau uku ta karanta littafin, har bangonsa ya rabu. Labarin wani gari ne da aka kife da gilashi bayan iskar duniya ta lalace, ana raba wa mutane numfashi da kati, duk yaron da ya faɗi jarrabawar shekara sha shida a tura shi waje. Wata yarinya mai gyaran famfo ce ta gano cewa iskar waje ta daɗe da gyaruwa, Dattijon Hasumiya mai mulkin garin ne yake ɓoyewa.

"To... to... to," in ji Baba, ya zuƙi yawu. "A sa mana. In ji ai-aikin yaron ka-kafin gobe."

Yaya ya taɓe baki amma ya tashi ya jona filashin a talabijin. Umma ta jawo kwanon lemo tana ɓarewa. Aka saki labule.

Rabin sa'ar farko 'Yar Baba ba a ƙasa take ba. Muryar Aku ta cika falon, ta zama yarinya, ta zama ɗan sanda, ta zama mai sayar da katin iska na jabu yana rantsuwa da kabarin kakarsa. Da aka nuna yara a layi suna jiran sakamako, uwayensu na leƙe ta bayan shingen waya, sai ya sauke murya, ya bar wasa, har Umma ta daina ɓare lemon. Da mai gadin ƙofa ya zame ya faɗi, Aku ya ce masa "Sannu, ango," Baba ya yi dariya har kafaɗarsa tana rawa.

Ta saci kallon mahaifinta. A ranta ta ce, shi ke nan, Allah ya kawo.

Sai aka hau da yarinyar saman hasumiya, hannuwanta a ɗaure. Kujera ta juyo. Wani tsoho mai farin gashi, mai lafiyayyen baki, ya dube ta. A littafi mutum ne mai zaƙin harshe, wanda in ya yi magana sai ka ji kamar ka ba shi haƙuri don ya zalunce ka.

Tsohon ya buɗe baki.

"To... to... to." Aka zuƙi yawu. "Ya-yarinya. A gidan nan ni-ni ne iska. Ma-magana ta ƙa-are."

Yaya ya fashe da dariya, dariyar ta mutu a maƙogwaronsa. Wuƙar Umma ta faɗi cikin kwano.

Ba kama ba ce. Shi ne. Inda yake tsayawa, inda yake jan numfashi, ɗan ƙaran nan da leɓensa na hagu yake yi, har da "magana ta ƙare" da ya saba rufe kowace gardama da ita tun yana hedimasta. In ka rufe ido sai ka rantse Baba ne ya shiga cikin talabijin.

'Yar Baba ta zabura ta nufi rimot.

"Bari," in ji Baba.

Ta tsaya da hannu a miƙe. Tsohon cikin fim ya ci gaba da yanke wa yara hukunci da muryar mahaifinta, yana maƙalewa, yana zuƙar yawu, har minti biyar. Babu wanda ya motsa. Da aka sauya wuri sai Baba ya ɗaga hannunsa mai lafiya, Yaya ya kashe.

Ta zaci zai yi faɗa. Ta ma so ya yi, ya zagi Aku da iyayensa, ya jefi talabijin da sanda. Bai yi ba. Ya juyo ya dube ta, a hankali.

"Uwata. A-ashe haka nake ma-magana?"

"Baba, ba haka ba ne, ƙari ya yi..."

"Ku-kuka ce na warke."

Ya dubi Umma. Umma ta sunkuyar da kai.

"Na je ɗa-ɗaurin aure na yi wa mu-mutane jawabi. Na tsaya ga-gaban tsofaffin ɗalibaina." Ya yi ta laluben kalma. "Ya-yaron yana da kunne."

Ya lalubi sandarsa. Yaya ya kai hannu zai taimaka, ya ture hannun. Suka ji ƙaran sandar har ƙofar ɗakinsa, suka ji an murɗa makulli.

A bakin ƙofar gida ta cim ma Mai Kemis yana shirin shiga mota.

"Ka kalla kafin ka kawo?"

Bai yi mata ƙarya ba. "Sau biyu."

"Kai da kake auna masa jini da hannunka? In da ya faɗi fa?"

"Shi ya sa na auna kafin a sa." Ya rufe ƙofar motar ya juyo. "Ki ji ni. Abin nan yana wayar kowa a garin nan. Jiya a shagona wasu samari biyu suna yi wa juna 'to, to, to' suna dariya. Gara ya ji a ɗakinsa da ya ji a titi. Kuma gobe za ku zaunar da yaron nan a gabansa ya ba shi ke, bai san abin da ya yi masa ba."

"Don Baba ka yi ke nan."

"Ban ce ba ni da tawa buƙatar ba. Ina da ita, kin san ta. Amma ba ni na yi muryar ba."

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ya yi mugunta, kuma bai faɗi ƙarya ko ɗaya ba.

Washegari Baba bai fito karatun jarida ba. Ta ajiye masa shayi a ƙofa, ta ɗauki mayafi ta fita.

Situdiyon yana saman wani shagon gyaran waya, ana hawa ta wani matsattsen bene. A ƙasa masu babura suna jiran fasinja. Tana wucewa ɗaya ya ce wa ɗan'uwansa, "To... to... to, ma-matsa min," suka kwashe da dariya. Ba su san ta ba. Ta kama ƙarfen bene ta hau.

Ɗakin ƙarami ne, an manna kwalayen ƙwai a bango don kada ƙara ya shigo. Aku yana zaune gaban makirfo da sabuwar riga a jikinsa, wadda ya ɗinka don zuwa wurin Baba. Da ya gan ta ya cire abin kunne yana murmushi.

"Mai Littafi! Kin zo duba ko na yi wanka?"

"Mun kalli fim ɗin jiya. Mu duka. Da Baba."

Murmushin ya zame daga fuskarsa. Ya ajiye abin kunnen a kan tebur kamar mai ajiye ƙwai.

"Wa ya kai?"

"Wannan ce tambayarka?"

"Mai Kemis ne. Wallahi na sani, munafukin..."

"Kai!" Muryarta ta fashe. "Ka dube ni. Me ya yi maka da zafi haka?"

Ya shafa kai, ya tashi, ya koma ya zauna.

"Ranar da ya kore ni na yi. Daga gidanku nan na zo, raina yana tafasa, aikin yana jira. Da tsohon nan ya bayyana ban ma yi shawara ba, bakina ne kawai ya tafi. Kin san yadda nake aiki, ba na rubutawa, abin da ke cikina shi ke fita."

"Wata huɗu ke nan. Wata huɗu ba ka goge ba?"

"Na ce wa mai situdiyo zan sake wurin. Ya saurara ya yi ta dariya har da hawaye, ya ce duk fim ɗin babu inda ya kai nan, kada in taɓa." Ya kauda kai. "Na ɗauka ba wanda zai gane. Wa ya san shi a cikin masu kallo?"

"Ɗalibai nawa ka san ya koyar a garin nan?"

Ya dafe goshi.

"Sau ɗaya ka zauna da shi," in ji ta, hawaye suna zubo mata. "Minti goma. Ya aka yi ka iya shi haka, har da ƙaran leɓensa?"

Kafin ya buɗe baki ta gano amsar da kanta. Ita ce. Duk safiya tana ɗaukar karatun Baba a waya don ta kai wa mai gashin ƙashi ya ji ko ana samun ci gaba. Sau nawa ta tura wa Aku, tana murna, tana cewa ji yadda Babana ya faɗi "gwamnati" yau bai maƙale ba? Shi kuma yana amsawa da masha Allah.

"Da abin da na tura maka ka koya."

"Ban saurara don haka ba, wallahi. Kunnena ne, in na ji abu ba ya fita."

"Na ba ka muryar mahaifina don ka taya ni addu'a, ka kai ta kasuwa."

Ta zauna a kan bencin da ke jikin bango ta yi kuka sosai, irin wanda ba a rufe fuska. Ya durƙusa a gabanta, nasa idanun sun yi ja.

"Ki yafe min. Zan sake wurin yau ɗin nan, a fitar da sabo."

"Ka bi waya dubu nawa ka goge? Masu babur ɗin ƙasanku ma sun haddace." Ta share fuska da gefen mayafi. "Abu ɗaya ya rage. Tashi mu je yanzu. Ka durƙusa masa kamar yadda ka durƙusa min, ka faɗa da bakinka."

Ya miƙe a hankali.

"Yanzu? Yayanki yana nan, wancan ma ƙila yana nan. In je su yi kallona?"

"Shi Baba gari guda ke kallonsa."

"Shi da ya ce da bakin wasu nake cin abinci, a gaban mutumin da yake neman ki, ya ba ni haƙuri? Ni ba ɗan mutane ba ne? Mahaifiyata da wannan sana'ar nake riƙe ta." Ya share ido da bayan hannu. "Na yi kuskure, na yarda. Amma a bari ƙura ta lafa. Sati ɗaya, biyu."

"Ba za ka zo ba."

"Ba yau ba."

Ta dube shi, da sabuwar rigarsa da ko karin guga bai baje ba. Har yanzu tana son sa, wannan ne abin takaicin. Ta sauko benen ita kaɗai.

Baba ya buɗe ƙofarsa ran Litinin, amma bai buɗe baki ba. In yana son ruwa sai ya nuna kofi. In Umma ta ce, "Malam, a kawo abinci?" sai ya gyaɗa kai ko ya girgiza. Wani tsohon ɗalibinsa ya kira a waya, ya miƙa wa Yaya. 'Yar Baba ta kawo jarida ta durƙusa ta ce, "Baba, don Allah ko layi ɗaya," ya shafa kanta, ya ninke jaridar ya mayar mata.

Umma ta same ta a kicin.

"Shekara talatin da biyar ina auren mutumin nan, ban taɓa wuni ban ji muryarsa ba. Ko faɗa ne." Ta goge ido da bakin zane. "Ban ce ki so wanda ba kya so ba. Amma ki gaya min, ta wace ƙofa yaron nan zai riƙa shigo mana?"

Yaya kuwa ba ya lallashi. "Saura ki kawo mana shi ya kwaikwayi Umma in tana kuka. Ai zai yi kasuwa."

Ran Talata da hantsi suna falo su huɗu. Baba ya jawo takarda ya yi rubutu da kyakkyawan rubutunsa na allo, wanda ciwo bai taɓa ba, ya miƙa mata.

Uwata, na yi miki alkawarin zan saurare shi, ban janye ba. Ki zaɓi wanda kike so. Ni ma na yi masa magana mai zafi.

Ta karanta sau biyu. Ga abin da ta yi wata huɗu tana roƙo, an ba ta.

A daidai nan aka yi sallama a ƙofar gida.

Muryarsa ce, tasa ta kansa, babu wasa a cikinta. "Assalamu alaikum. Don Allah Baba yana ciki? Wurinsa na zo."

Ya zo. Ta yunƙura za ta tashi, sai idonta ya faɗa kan mahaifinta.

Baba bai ɓata rai ba. Jin muryar kawai ya yi, hannunsa mai lafiya ya tashi da kansa ya rufe gefen bakinsa na hagu. Ya sunkuyar da kai, ya matse jikinsa cikin kujera, kamar ɗalibin da aka kira gaban aji. Mutumin da yara ɗari takwas suke yin tsit in ya yi gyaran murya.

Ta ga yadda zai kasance. Ranar suna, ranar gaisuwa, duk sanda surukin zai yi sallama, haka hannun nan zai riƙa tashi. Kuma Baba zai haƙura, don ita, har ya mutu bai ce komai ba.

Aka sake sallama. "Mai Littafi? Ni ne."

Yaya ya miƙe yana naɗe hannun riga.

"Zauna, Yaya," in ji ta. "Kada ka taɓa shi."

Ta ninke takardar Baba gida huɗu, ta matse ta a tafin hannu. Hawaye suna sauka amma muryarta ba ta yi rawa ba.

"Ka kira abokinka. Ka ce masa ya turo manyansa."

Umma ta dafe ƙirji. Baba ya ɗago da sauri, ya sauke hannu daga bakinsa, leɓensa yana motsi, yana kokawa da kalmar farko da zai furta cikin kwana uku.

"To... to..."

A ƙofar gida, Aku ya yi sallama ta uku.